Darasi: Abin da za ka yi idan matsin ruwa ya hau a boilar ɗumama gida

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga waya da kwamfuta, ya koma kan wata na'ura da yawancinmu ba mu tashi da ita a gida ba, amma da yawa daga cikin waɗanda karatu ko aiki ya kai su Ingila, Jamus, Turkiyya, Kanada ko arewacin Amurka sukan yi zaman dole da ita. Ita ce boila, tukunyar da ke dafa ruwa tana tura shi cikin bututu zuwa ɗakuna domin gida ya yi ɗumi. A can, idan ta tsaya a watan Janairu, ba maganar jin daɗi ake yi ba, maganar inda za a kwana ake yi. Ɗaya daga cikin matsalolin da suka fi tsorata baƙo kuwa ita ce ya duba gejin da ke gabanta ya ga allura ta haye cikin ja.

Zan fi karkata ga irin boilar da ta fi yawa a gidajen haya na Birtaniya, wato kombi, wadda ke rataye a bango a kicin ko cikin kabad, tana ɗumama gida kuma tana ba da ruwan zafi na wanka ba tare da tankin ajiya ba. Inda na Amurka ya bambanta zan faɗa.

Me ya sa ma ake da matsi a ciki?

Ruwan da ke ɗumama gida ba shi ne ruwan da kake wanka da shi ba. Wannan ruwa ne da aka kulle a cikin bututu, yana zagayawa daga boila zuwa faffaɗan ƙarafunan nan da ke manne a bangon kowane ɗaki, ya dawo boila a sake dafa shi. Waɗannan ƙarafuna sunansu ɗaya da lagireton mota, aikinsu ma ɗaya ne, su karɓi ruwan zafi su saki zafin a iska. Don haka lagireto zan riƙa kiransu.

Ana auna matsin da ma'aunin da ake kira bar. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce tankin ruwa na saman gida. Idan tanki yana sama da famfonka da mita 10, ƙarfin da ruwan ke zuwa da shi ya kai kimanin bar 1. Boila tana buƙatar irin wannan ƙarfi domin ruwa ya cika lagireton da ke bene na sama, kuma iska ba ta samu hanyar shiga ba. A yawancin boilolin Birtaniya, idan ruwan ya huce, allura tana zama tsakanin bar 1 da 1.5. Idan aka kunna ɗumama ta ɗan hau, wataƙila da 0.3 ko rabin bar, ta tsaya a wajen 2 ko ƙasa da haka. Wannan hawan lafiya ne, kada ya tayar maka da hankali. Abin damuwa shi ne ta wuce 2.5 tana neman 3.

A Amurka da Kanada gejin yana nuna psi ne. Bar 1 ya yi daidai da psi 14.5. Gida mai hawa ɗaya ko biyu yakan zauna a psi 12 zuwa 15 idan ruwan ya yi sanyi, kuma iyakar da aka saba sakawa ita ce psi 30.

Hawan da allura ke yi idan an kunna wuta ya samo asali ne daga ɗabi'ar ruwa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Lita 100 da aka ɗaga daga digiri 10 zuwa 80 za ta ƙaru da kusan lita 3. Lita uku ba wani abu ba ne a bokiti. Amma a cikin bututun da aka kulle ta ko'ina babbar magana ce, domin ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa. Ka cika sirinji da iska ka toshe bakinsa da yatsa, za ka iya danna shi. Ka cika shi da ruwa, ko motsi ba zai yi ba. Saboda haka dole a tanadar wa wannan ƙarin ruwa inda zai shiga, kuma a tanadi ƙofar da za ta buɗe idan wancan wurin ya gaza.

Wurin farko shi ne tankin iska. Wani ɗan tanki ne, galibi ja, mai cin kamar lita 8 zuwa 10 a boilar kombi, an raba cikinsa biyu da roba. Gefe ɗaya ruwa ne, ɗaya gefen iska ce da aka hura har kusan bar 1. Idan ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iskar ta matse ta ba shi wuri. Idan ya huce, iskar ta maido shi. Ƙofar kuma ita ce bawul ɗin tsaro, wanda a Birtaniya aka saita ya buɗe da kansa a bar 3, ya zubar da ruwa ta wani siririn bututun jan ƙarfe da ya ratsa bango zuwa waje.

Wannan bawul ba ado ba ne. A watan Maris na 1905 wata tukunyar tururi ta fashe a masana'antar takalma ta Grover da ke garin Brockton a jihar Massachusetts ta Amurka, mutum 58 suka mutu. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta fito da kundin ƙa'idojin tukwane na 1914. Boilar gida ba ta kama ƙafar waccan ba wajen girma ko haɗari, kuma matuƙar bawul ɗinta yana aiki, hawan matsi ba zai sa ta fashe maka a kicin ba. Abin da zai jawo shi ne yoyo, lalacewar robobi da mahaɗan bututu, da boilar da ke kashe kanta a daren da aka fi buƙatarta.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki wayarka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga allura a sama a fara murɗe-murɗe. Lamba ɗaya ba ta gaya maka komai. Abin da ke nuna ciwon shi ne yadda allurar ke tafiya cikin lokaci, kuma a nan ne wayarka ta fi kowane sifana amfani.

Kashe ɗumama, ka bar boilar ta huce na awa ɗaya ko biyu, har lagireto su yi sanyi a hannu. Ɗauki hoton gejin. Sai ka kunna ɗumama, ka jingina wayar a gaban gejin, ka saka ta a tsarin kyamarar nan mai tattara dogon lokaci cikin gajeren bidiyo, ka bar ta minti 30 zuwa 40. Idan wayarka ba ta da shi, hoto bayan kowane minti goma ya wadatar. Da dare kafin ka kwanta, ka kashe ɗumama ka sake ɗaukar hoto, da safe ka ɗauki wani kafin ta kunna kanta. Kowane hoto yana ɗauke da lokacinsa, don haka ka samu shaida ba tare da biro da takarda ba.

Abin lura a nan: na'urorin saita zafi na zamani irin su Nest, Hive da tado, aikinsu shi ne su gaya wa boila ta kunna ko ta kashe. Manhajarsu za ta iya nuna maka komai lafiya alhali allura tana cikin ja. Wasu kamfanonin boila suna da tasu manhajar da ke nuna matsi, amma kada ka ɗauka taka tana ciki sai ka gani da idonka. Haka lambobin kuskure da ke fitowa a fuskar boila, kowane kamfani da nasa. Ka karanta sunan samfurin a jikinta, ka sauke littafinta daga shafin kamfanin, kada ka dogara da bidiyon wanda tasa daban ce.

Da waɗannan hotuna a hannu, za ka ga matsalarka ta faɗa ɗaya daga cikin yanayi uku.

Allura tana sama tun ruwan yana da sanyi, kuma ba ta ƙaruwa

Wannan shi ne mafi sauƙi. Wani ne ya cika ruwa ya wuce kima. Wataƙila kai ne, wataƙila abokin zamanka ne da ya ga matsi ya yi ƙasa ya buɗe ruwa ya tsaya amsa saƙo.

A ƙarƙashin boila akwai wani gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe, launin azurfa, da bawul a kowane bakinsa. Ta nan ake ƙara ruwa daga babban layin gari. Wasu boilolin, a maimakon tiyo, suna da maɓalli ko ɗan hannu da aka gina a jikinsu. Fara tabbatar da cewa a rufe suke ruf. Ƙa'idar ita ce idan hannun bawul ya miƙe tare da bututu a buɗe yake, idan ya gitta bututun a rufe yake.

Sai a rage ruwan. Ka bar komai ya huce, domin ruwan da ke ciki yana iya kai digiri 70 ko fiye, ya isa ya saɓule fata. Nemi ɗan makullin lagireto, wanda ake sayarwa a kowane shagon kayan gini da kuɗi kaɗan, da ƙaramin kwano da tsumma. A saman kowane lagireto, a gefe ɗaya, akwai ɗan ƙaramin bawul mai kai murabba'i. Saka makullin ka murɗa zuwa hagu kwata ko rabin zagaye kawai. Kada ka kwance shi gaba ɗaya, idan ya fice mayar da shi cikin feshin ruwa aiki ne. Iska ce za ta fara fita idan akwai, sannan ruwa ya biyo. Ruwan yakan zama baƙi ko ruwan ƙasa kuma yana ɓata kafet, abin da mai gida ba zai manta da shi ba ranar mayar da kuɗin ajiya. Sa wani ya tsaya a gaban gejin, ko ka kira shi ta bidiyo ya nuna maka, ka rufe idan allura ta sauko wajen 1.2 zuwa 1.5. Ramin ƙarami ne, abin yana ɗaukar lokaci, sai ka yi haƙuri.

Za ka ga masu bidiyo suna cewa ka murɗa jan kan bawul ɗin tsaro ruwan ya fita da sauri. Ni ban ba ka wannan shawara ba. Ruwan bututu yana ɗauke da tsatsa da ɓarɓashi, da zarar ƙwaya ɗaya ta zauna a bakin bawul ɗin ba zai sake rufewa daidai ba, sai ya riƙa ɗiga dare da rana har sai an canza shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Lafiya lau da sanyi, amma da an kunna sai ta zabura

Wannan shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Da safe allura tana 1.2. Ka kunna ɗumama, cikin minti 20 ta wuce 2, ta wuce 2.5, ta doshi 3. Can sai bawul ɗin tsaro ya buɗe ya zubar da ruwa a waje, inda ba ka gani. Da dare ruwa ya huce ya koma girmansa, amma yanzu ya ragu da abin da aka zubar. Washegari ka tashi allura tana kusa da sifili, boila ta ƙi tashi. Kai kuma sai ka ce matsalarka ƙarancin matsi ce, ka buɗe tiyo ka ƙara ruwa. Gobe a maimaita.

Mutum zai iya shafe wata guda a wannan zagaye yana zaton akwai yoyo a ƙarƙashin daɓe, alhali tankin iska ne ya daina aiki. Ko dai iskar cikinsa ta sace sannu a hankali, kamar yadda tayar mota ke sacewa ko ba ƙusa, ko robar tsakiya ta yage ruwa ya cika gefen iska, ko kuma siririn bututun da ya haɗa tankin da boila ya toshe da laka. Akwai kuma gidan da aka ƙara wa ɗakuna da lagireto aka bar ƙaramin tankin da aka fara da shi, ruwa ya yi masa yawa. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne, ruwa ya kumbura bai samu wurin zuwa ba.

Za ka iya tabbatarwa da kanka ba tare da kwance komai ba. Fita waje ka nemi bututun jan ƙarfen da ya fito daidai bayan boila, bakinsa yakan lanƙwasa ya kalli bango ko ƙasa. Ajiye kofi ko gwangwani a ƙarƙashinsa, amma kada ka toshe bakinsa da komai. Idan ka dawo bayan an yi ɗumama ka tarar da ruwa, bawul ɗin tsaro yana buɗewa. Kada ka haɗa shi da farin bututun roba mai ɗan kauri da ke shiga magudana. Wancan na ruwan raɓar hayaƙi ne, kuma ɗigarsa al'ada ce.

Gyaran kansa ba wani abin al'ajabi ba ne. Tankin yana da bawul irin na tayar mota sak, ana hura shi da famfon keke mai geji. Amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, ba a auna iskar sai an sauke matsin gefen ruwa zuwa sifili, in ba haka ba gejin ƙarya zai yi maka. Idan aka danna tsinken bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, robar ta yage, sai sabon tanki. Na biyu, a yawancin boilolin kombi tankin yana cikin akwatin boilar ne, kuma a da yawa daga cikinsu murfin akwatin yana cikin abin da ke hana hayaƙin gas fitowa cikin ɗaki. A Birtaniya wannan aikin injiniyan da ke da rajistar Gas Safe ne, rajistar da ta maye gurbin CORGI a 2009. Kowane mai rajista yana da katin shaida mai lamba, kuma za ka iya duba lambar a wayarka kafin ka bar shi ya taɓa komai. Mu mun saba da cewa duk abin da ya lalace akwai wani gwani a unguwa da zai buɗe shi. A kan gas a cikin rufaffen ɗaki, a ajiye wannan sabo.

Kafin injiniya ya zo, ka rage zafin ruwan ɗumama a maɓallin da ke da hoton lagireto, zuwa kamar digiri 55 ko 60. Ruwan da bai yi zafi sosai ba bai kumbura sosai, sau da yawa hakan kan hana allura kai wa 3. Kuma ka daina yawan ƙara ruwa in ba dole ba. Kowane sabon ruwa yana shigowa da iskar da ke cin ƙarfe, yana kuma tsinka maganin hana tsatsa da aka zuba a cikin bututun.

Tana hawa a hankali ko da boilar a kashe take

Idan hoton dare ya nuna 1.5, na safe ya nuna 2.2, kuma ba a kunna ɗumama ba a tsakani, zafi ba shi da laifi. Ruwa ne ke shigowa daga layin gari, wanda a yawancin wurare ya fi na cikin boila ƙarfi.

Wanda ake fara zargi shi ne tiyon cikawa. Bawul ɗinsa yana iya zama kamar a rufe amma yana tsiyaya ta ciki. Asali ma an yi tiyon ne a cire shi bayan an gama cikawa, sai dai kusan kowa barinsa yake a maƙale. Rufe bawul biyun, ka kwance tiyon a hankali da tsumma a hannu. Ɗan ruwan da ke cikinsa zai zube, wannan ba komai. Idan bakin da ke gefen layin gari ya ci gaba da ɗiga, ka kama ɓarawon, kuma canza bawul aiki ne mai araha.

Idan tiyo ba shi da laifi, saura wani sashe a cikin boilar kombi, wasu siraran farantan ƙarfe da aka jera, ruwan ɗumama yana bi ta gefe ɗaya, ruwan famfo yana bi ta ɗaya gefen yana karɓar zafi ba tare da sun gauraya ba. Idan faranti ɗaya ya huje, ko da ramin bai fi bakin allura ba, mai ƙarfi zai riƙa tura kansa cikin mara ƙarfi. Gwajinsa shi ne a rufe bawul ɗin ruwan sanyi da ke shiga boila a kwana. Idan allura ta tsaya cak, an gano wurin. Canza shi na injiniya ne.

A Amurka akwai ƙarin wanda ake zargi. Boilolinsu da yawa suna haɗe da layin gari dindindin ta wani bawul mai cika ruwa da kansa, wanda aka saba saita shi a psi 12. Idan ya tsufa ko datti ya shige shi, sai ya riƙa cikawa ba tsayawa har bawul ɗin tsaro ya fara zubarwa a ƙasan ɗakin boila.

Wani lokaci kuma gejin ne kansa ya lalace. Idan ka fitar da ruwa kusan kofi biyu allura ba ta ko motsa ba, ko lambar da ke fuskar boila ta saɓa wa allura nesa ba kusa ba, dakata da fitar da ruwa, kada ka zazzage tsarin saboda geji mai ƙarya.

Idan haya kake

A Ingila gyaran ɗumama da ruwan zafi nauyin mai gida ne a ƙarƙashin dokar haya ta 1985, kuma dokar gas ta 1998 ta wajabta masa sa injiniya mai rajista ya duba na'urorin gas kowace shekara, ya ba ka kwafin takardar. Don haka abin da ya rage naka shi ne duba tiyo, rage ruwa ta lagireto, da kai rahoto. Ka kai shi a rubuce, ta imel ko manhajar kamfanin haya, ka haɗa da hotunan nan da bidiyon. Saƙon da ya ce matsi 1.2 ne da sanyi, ya kai 3 cikin minti 25, kuma bututun waje yana zubar da ruwa, ya fi saƙon da ya ce boila ta lalace saurin kawo mai gyara, kuma zai zo da kayan da suka dace tun zuwan farko.

Idan kuwa ka ji warin gas, wannan ya fita daga darasinmu. Kada ka kunna ko ka kashe makunnin lantarki, buɗe tagogi, fita waje, ka kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas a Ingila, Sikotilan da Wales.

Mu da ke gida ba mu da boilar ɗumama ɗaki, amma muna da ƙanwarta a banɗakuna da otal-otal, wato hitar lantarki mai tanki da ke rataye a bango. Ruwan cikinta shi ma yana kumbura, kuma ita ma tana da ɗan bawul ɗin tsaro a bututun ruwan sanyi da ke shiga ta ƙasa, sai dai matakin buɗewarsa ya fi bar 3 nisa, an rubuta shi a jikinsa. Ɗan ɗigar da yake yi lokacin da hita ke dafa ruwa aikinsa ke nan. Matsalar ita ce mai gida ya ga tayil yana jiƙewa ya kira mai gyaran famfo, shi kuma ya toshe bakin da ƙusa ko ya cire bawul ɗin ya haɗa bututu kai tsaye. Ranar da na'urar kashe wutar hitar ta maƙale, ba sauran abin da zai saki matsin. Idan taka tana ɗiga, a saka mata siririn tiyo a bakin bawul ɗin a kai shi magudana, a bar ƙarshensa a buɗe.